Neman matsalar silo a injin da aka sauya wa kwamfuta

Duk wanda ya cire kwamfutar da mota ta zo da ita daga kamfani, ya sanya wadda zai saita da hannunsa irin su MegaSquirt ko Speeduino ko Haltech ko Link, yakan tarar da cewa samun ƙarfi idan an taka totur ya fi samun silo mai kyau, wato juyin injin idan ba a taka totur ba, sauƙi nesa ba kusa ba. Mota za ta yi gudu lafiya lau a kan titi, amma da zarar an tsaya sai allurar juyi ta faɗi injin ya mutu, ko ta riƙa hawa da sauka ba ƙaƙƙautawa, ko kuma ta maƙale a juyi 1,500 a minti ta ƙi saukowa. A irin wannan hali hannu yakan tafi kai tsaye ga bawul ɗin silo: a kwance shi a wanke, a sayo sabo, a shiga manhaja a yi ta juya lambobi. A ganina wannan bawul shi ne na ƙarshe da ya kamata a tuhuma, domin aikinsa cike giɓi ne kawai, wato ƙara iska idan injin yana da sanyi ko an ɗora masa nauyi. Injin da ba zai iya zama daram ba idan an kashe bawul ɗin, babu saitin da zai sa bawul ɗin ya zaunar da shi.

Dalilin da ya sa silo yake da wuyar sha'ani shi ne ƙanƙantar komai da ke cikinsa. Farantin totur yana kusan rufe, iskar da ke shiga kaɗan ce, fetur ɗin da nozul ke fesawa kaɗan ne, ƙarfin da injin ke samarwa kuma bai wuce abin da zai rinjayi gogayyar ƙarafunansa da nauyin altaneta da famfunan mai da ruwa ba. Injin mai silinda huɗu da ke juyi 800 a minti yana kunna wuta kusan sau 27 ne kacal a daƙiƙa, saboda haka ko kunnawa biyu ko uku ne suka yi rauni a jere, sai an ji a jikin mota. Ɗan kuskuren da ba zai taɓa bayyana ba a juyi 4,000 yana iya zama kashi goma cikin ɗari na duk abin da injin ke ci a silo.

Saboda haka gwajin farko shi ne a fitar da bawul ɗin daga lissafi gaba ɗaya. A bar injin ya yi zafi sosai har fankar lagireto ta kama ta saki, a kashe fitilu da na'urar sanyaya, sannan a umarci bawul ɗin ya rufe ta hanyar shafin gwaji na manhajar, ko ma a toshe hanyar iskarsa da hannu idan irin mai tiyo ne. Abin da ake so a gani shi ne juyi ya sauka ƙasa da inda ake nufin silo ya zauna, da tazarar kamar juyi 100 zuwa 200, kuma ya tsaya a wurin ba tare da rawa ba. Idan injin ya mutu nan take, farantin totur ya rufe da yawa, sai a ɗan buɗe sukurunsa domin kada bawul ya zama shi kaɗai ke ɗauke da duk iskar silo. Idan kuwa an toshe hanyar bawul amma injin ya ci gaba da juyi 1,200, to iska tana shiga ta wani wuri da ba a ba ta izini ba, kuma kwamfuta ba ta da hanyar rage iskar da ba ta bi ta hannunta ba.

A nan akwai wani bambanci da yake ruɗar waɗanda suka saba da motocin kamfani. Yawancin motocin da ke da sensar auna yawan iska a bakin totur, idan tiyo ya fashe a bayan sensar, iskar da ta shigo ba a auna ta ba, fetur ya yi kaɗan, injin ya riƙa shaƙewa yana neman mutuwa. Kwamfutocin da ake sayowa daban kuwa galibi da sensar matsin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, suke aiki, suna haɗa matsin da juyi da zafin iska su lissafa fetur. Duk iskar da ta shiga manifol, ko ta totur ko ta fashewar tiyo, tana ɗaga matsin, kwamfuta ta gani ta ƙara fetur daidai da ita. Sakamakon haka yoyon iska a irin wannan tsari yana bayyana ne a matsayin silo mai tsayi wanda yake da santsi, har mutum ya rantse cewa babu yoyo ko kaɗan. Wuraren da aka fi samunsa su ne gasket ɗin manifol, da robobin da ke zagaye da bakin nozul, da tiyon bustar birki, da bawul ɗin numfashin injin, da kuma ƙananan bututun da aka bari a buɗe lokacin da aka cire kayan tsohuwar kwamfuta. Hura hayaƙi cikin manifol yayin da injin yake a kashe ita ce hanya mafi tsabta ta gano su, kuma na fi son ta a kan fesa abu mai kama wuta a kan injin da ke aiki. Duk lokacin da aka taɓa sukurun totur kuma, dole ne a sake koya wa kwamfuta inda sensar totur take nuna rufe da inda take nuna buɗe.

Bayan iska sai taimin, wato lokacin da ake kunna wuta a cikin silinda. Kafin a yarda da kowace lamba da ke kan allo, a kulle taimin a manhaja a kan lamba ɗaya, misali digiri 10, a haska fitilar taimin a kan alamar fulin karanshaf a tabbatar cewa abin da kwamfuta ke faɗa shi ne abin da injin ke samu. Idan akwai bambanci, a gyara shi a saitin kusurwar sensar karanshaf, kada a ɓoye shi a cikin tebur, wato jadawalin manhaja mai gida-gida da ke ba da lamba bisa juyi da matsin manifol. Sannan a duba siffar teburin taimin a gidajen da silo ke zama. Idan taimin yana hawa da sauri daga juyi 800 zuwa 1,100, to an gina hawa da sauka da hannu ke nan, domin da juyi ya ɗan ɗaga sai taimin ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru, juyi ya sake ɗagawa, har sai wani abu ya dawo da shi ƙasa, inda taimin ya ragu ya ƙara tura shi ƙasan. Abin da ya dace shi ne gidajen da ke kewaye da silo su zama lamba ɗaya, galibi tsakanin digiri 10 zuwa 15 kafin fistin ya kai ƙololuwa ga injin da ba a sauya masa kamshaf ba, sannan a ƙara wasu digiri a gidajen da ke ƙasa da silo domin su tallabi injin idan ya fara faɗuwa. Akwai jarabar ƙara taimin har sai injin ya kai iyakar santsinsa, amma wanda ya yi haka ya cinye ajiyarsa, domin ba shi da sauran ƙarfin da zai kira cikin gaggawa idan nauyi ya sauko.

Fetur shi ne wurin da na fi ganin an ɗora wa bawul laifin da ba nasa ba. Injin kamfani mai lafiya yakan nuna matsin manifol na kusan kPa 30 zuwa 40 a silo, alhali matsin iskar waje a gaɓar teku kPa 101 ne. Injin da aka sa wa kamshaf mai tsawon buɗewa yana iya zama a 55 ko 65, kuma siginarsa tana rawa. Duk inda yake zama, gidajen teburin fetur da ke kewaye da wurin dole ne su bi juna a hankali, domin silo ba ya tsayawa a gida ɗaya, yana yawo ne tsakanin huɗu ko shida. Idan ɗaya daga cikinsu ya yi ƙarancin fetur, duk lokacin da injin ya leƙa cikinsa sai ƙarfi ya ragu, juyi ya faɗi, matsin ya ɗaga zuwa gida mai fetur da yawa, injin ya farfaɗo ya koma inda ya fito. Fetur yana ƙonewa daidai ne idan iska ta kai kashi 14.7 ga kashi 1 na fetur bisa nauyi, kuma injin kamfani yana zama a nan ba matsala, amma mai babban kamshaf sau da yawa ya fi natsuwa a wajen 13.5. A lokacin wannan bincike a kashe gyaran da kwamfuta ke yi bisa sensar salansa, wadda ke nuna ko fetur ya yi yawa ko kaɗan, domin gas ɗin silo yana tafiya a hankali, labari yana isa sensar a makare, kuma gyaran da ya zo a makare shi kansa yana haddasa rawa.

Akwai kuma jinkirin nozul, wato ɗan lokacin da yake ɗauka daga sa'ad da aka ba shi wuta zuwa sa'ad da ya fara fesa fetur. Ga nozul da yawa wannan yana kusa da milisakan 1, kuma yana ƙaruwa idan wutar batir ta ragu. A cikakken totur, inda nozul ke buɗe milisakan 10 ko fiye, kuskuren milisakan 0.1 bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. A silo kuwa, inda duka lokacin bai wuce milisakan 2 ba kuma rabinsa jinkiri ne, wannan kuskuren ya zama kashi goma cikin ɗari na fetur. Shi ya sa ake samun motar da silonta yake lafiya har sai fanka ta kama: wuta ta sauka daga volt 14 zuwa 13, nozul ya ƙara jinkiri, teburin jinkirin da aka shigar bai dace da wannan nozul ba, fetur ya ragu daidai lokacin da altaneta ke ƙara wa injin nauyi. Mai motar zai ce bawul bai buɗe da wuri ba, alhali rikodin bayanan da manhaja ke ɗauka yayin da injin ke aiki zai nuna masa ƙarancin fetur ne ya riga komai faruwa.

Sensar zafin ruwa ma tana buƙatar kallo ɗaya, tunda kusan duk teburin silo a kanta ya dogara. Sensar GM tana ba da kusan ohm 3,520 a digiri 20 na ma'aunin Salsiyas, ta Bosch kuma kusan ohm 2,500 a wannan zafin, don haka idan aka zaɓi jadawalin wata aka haɗa ɗayar, kwamfuta za ta yi kuskuren zafin injin tun daga safiya. Gwajin mai sauƙi ne: idan mota ta kwana ba a tayar ba, zafin ruwa da zafin iska ya kamata su nuna kusan lamba ɗaya. Haka nan kada a raba sensa ɗaya tsakanin sabuwar kwamfuta da agogon dashbod, domin kowanne yana da tasa resistar a ciki, kuma haɗa su yana karkatar da awon duka biyun.

Idan injin ya zauna daram ba tare da bawul ba, to lokaci ya yi da za a tambayi bawul ɗin ko yana yin abin da aka umarce shi. Abu na farko shi ne sanin irinsa, domin kwamfuta tana tuƙa kowane iri ta hanya daban. Mai waya biyu, irin wanda ake samu a motocin Ford da Honda da wasu na Bosch, kwayil ɗaya ne da sifirin: waya ɗaya tana ɗauke da volt 12, ɗayar kuma kwamfuta tana haɗa ta da nagatif tana saki cikin sauri, yawan lokacin da take riƙe da ita, wanda ake rubutawa da kaso cikin ɗari, shi ke nuna yadda bawul zai buɗe. Kwayil ɗin na Ford yakan auna tsakanin ohm 6 zuwa 13, ma'ana yana iya jan wutar da ta wuce amfiya ɗaya, kuma wannan ya fi ƙarfin ƙaramar tiransistar da ke kan allon MegaSquirt na 3.0, wadda tun asali an sa ta ne domin kunna rile ko bawul mai buɗewa da rufewa kawai. Wannan ne ya sa masu haɗa allon suke maye gurbinta da babbar tiransista, TIP120 ko TIP122. Wajibi ne kuma a sami dayod a gicciye a kan kwayil ɗin, gefensa mai zane yana kallon volt 12, domin ya ba wutar da ke cikin kwayil hanyar zagayawa duk lokacin da kwamfuta ta saki. Idan babu shi, bawul yakan yi ƙara, ba ya motsi sai kaso ya yi sama sosai, sannan ya buɗe gaba ɗaya cikin ɗan taƙi, tiransistar kuma tana shan duka. Kwamfutoci da yawa na kasuwa suna da wannan dayod a ciki, amma a duba littafinsu a tabbatar da hakan ga ainihin wayar da aka zaɓa.

Saurin kunnawa da kashewar shi ma saiti ne. Bawulolin Bosch sukan yi aiki a wajen sau 100 a daƙiƙa, na Ford kuma a wajen sau 300. Idan saurin ya yi ƙasa, za a ji bawul yana kaɗawa kuma juyi yana bin kaɗawar. Idan ya yi yawa, ɗan girgizar da ke hana shi maƙalewa ta ɓace, sai ya zama kaso 40 da aka iso daga ƙasa yana ba da iska daban da kaso 40 da aka iso daga sama. Hanyar gano gaskiya ita ce a zauna da injin mai zafi a shafin gwaji, a riƙa ƙara kaso biyu biyu ana rubuta juyin da kowanne ya bayar, sannan a sauko ta hanya ɗaya. Wannan ɗan aikin yana bayyana inda bawul ya fara buɗewa da inda ƙari ya daina amfani, kuma waɗannan lambobi biyu su ne iyakokin da za a ba kwamfuta. Yana kuma tona wani hali na bawulolin Bosch masu waya biyu da ya wahalar da mutane da yawa: an ƙera su ne su kasance a ɗan buɗe idan babu wuta, domin mota ta iya kai mai ita gida ko da waya ta yanke. Daga sifiri, ƙara kaso yana rufe su ne tukuna, sai a wajen kaso 25 zuwa 30 su kai iyakar rufewa, daga nan su fara buɗewa. Idan aka bar wa kwamfuta iyakar ƙasa a sifiri, to duk lokacin da ta so rage juyi ta wuce wannan wurin, juyi zai ƙaru, ita kuma ta ci gaba da ragewa har ta maƙale a can. Mai waya uku na Bosch kuwa, irin na tsofaffin BMW da Volvo, kwayil biyu ne masu jayayya, na tsakiya yana ɗauke da volt 12, ɗaya yana buɗewa ɗaya yana rufewa. Yana son wayoyi biyu daga kwamfuta, ko kuma a ɗaure kwayil ɗin rufewa da nagatif ta cikin resista mai jure zafi.

Nau'i na uku shi ne mai ƙaramar motar lantarki a cikinsa da ke tafiya taku-taku, wanda GM da Jeep suka yi amfani da shi da waya huɗu, Toyota da Mitsubishi kuma da waya shida a wasu injinansu. Abin da ya wajaba a fahimta game da shi shi ne cewa ba ya gaya wa kwamfuta inda yake. Kwamfuta tana yi ne kamar mai tafiya cikin duhu wanda ya taɓa bango ya fara ƙirga taku: idan an kunna makulli sai ta tura tsinin bawul har ya dunguri iyakarsa, ta ɗauki wurin a matsayin mafari, daga nan kuma lissafi kawai take yi. Duk takun da ta aika amma motar bawul ɗin ba ta yi ba, lissafin ya karkace ke nan har sai an sake kashe makulli an kunna. Alamar wannan matsala a bayyane take: silo yana daidai da safe, bayan tafiya sai ya koma sama ko ƙasa alhali lambar takun da ke kan allo ba ta sauya ba, kuma da an kashe an sake tayarwa sai ya dawo daidai. Taku yana ɓacewa idan an sa lokacin kowane taku ya yi gajarta, ko baƙar dauɗa ta kama tsinin, ko kwamfuta ta yi ƙoƙarin motsa shi daidai lokacin da sitata ta janye wutar batir, ko kuma adadin takun komawa mafari bai kai tsawon tafiyar bawul ɗin ba. A Speeduino, inda ake amfani da ƙaramin allo irin DRV8825, akwai ɗan sukuru mai ƙayyade yawan wuta. Idan ya yi ƙasa motar bawul ɗin ba ta da ƙarfi, idan ya yi sama allon ya yi zafi ya ɗauke.

Haɗa wayoyinsa ba ya buƙatar zato. Da mita za a gano wayoyi biyu da ke kwayil ɗaya, waɗanda a bawul ɗin GM sukan nuna ohm 40 zuwa 80, tsakanin kwayil da kwayil kuma babu haɗi. Idan aka cakuɗa wayar wannan kwayil da ta wancan, motar bawul ɗin za ta yi ta rawa a wuri ɗaya. Idan kuma tana tafiya amma a juye, musanya wayoyi biyu na kwayil ɗaya kawai ya wadatar. A lura cewa wasu manhajoji suna ɗaukar sifiri a matsayin rufe, wasu kuma a matsayin buɗe, don haka a tabbatar da kunne cewa ƙara lamba yana yin abin da ake tsammani. Kada kuma a gwada shi a hannu yana waje ba tare da an tare gabansa ba, domin tsinin yana iya warwarewa ya fice da sifirinsa. Ga kowane irin bawul mai kwayil, volt 12 ɗinsa ya fito daga rile ɗaya da kwamfuta. Idan aka ɗauko shi daga wayar da ba ta mutuwa, wuta tana iya bi ta cikin kwayil ta koma kwamfuta, sai a kashe makulli a ga ba ta mutu ba, ko a wayi gari batir ya sauka.

Da bawul ya tabbata, sai a fara da tsarin bin tebur, inda kwamfuta ke buɗe shi gwargwadon zafin ruwa kawai ba tare da duban juyi ba. Wannan tebur sai da injin mai sanyi ake cika shi, ana zaune ana bin sa daga tayarwa har ya yi zafi, ana rubuta buɗewar da ta ba da juyin da ake so a kowane mataki, misali 1,200 da sanyi yana sauka a hankali zuwa 800. Ba a gaggawa da shi, tunda injin da ya riga ya yi zafi ba ya komawa sanyin gaske sai ya daɗe a kashe. Lambobin da aka samu a nan su ne kuma za su zama mafarin tsarin gyaran kai, wanda a cikinsa kwamfuta ke kwatanta juyi da abin da aka nema tana gyara buɗewa.

Mafi yawan matsalolin tsarin gyaran kai suna cikin sharuɗɗan shigarsa ne, tun kafin a zo ga lambobin P da I da D, waɗanda ke ƙayyade ƙarfin gyaran: P bisa girman tazarar da ke tsakanin juyi da abin da aka nema, I bisa daɗewarta, D kuma bisa saurin sauyawarta. Kwamfuta tana yanke hukuncin cewa ana silo ne idan sensar totur ta sauka ƙasa da wata iyaka kuma juyi ya kusanci inda ake so. Idan sensar tana rawa tsakanin kaso 0.5 da 1.5 alhali iyakar tana kan 1, tsarin zai riƙa shiga yana fita, ko ya ƙi shiga sam, silo ya rataye a sama. Akasin haka ya fi muni, kuma ga yadda yake bayyana a rikodi. Direba ya ɗaga ƙafa daga totur yana gangarawa a giya ta uku, tayoyi suna jan injin a juyi 1,300. Kwamfuta ta ga totur a rufe, ta ɗauka silo ne ya yi yawa, ta fara rufe bawul. Juyi bai sauka ba tunda tayoyi ne ke riƙe da shi, sai ta ci gaba da rufewa har iyaka. Da direba ya taka kuloci, injin ya sami kansa ba iska, allura ta wuce 800 ta wuce 500, ya mutu kafin bawul ya dawo. Maganinsa shi ne a hana tsarin shiga sai mota ta tsaya idan akwai sensar gudu, ko a yi amfani da iyakar matsin manifol, domin matsin yana sauka ƙasa da na silo idan tayoyi ne ke jan injin, sannan a sa bawul ya jira a ɗan sama da buɗewar silo duk lokacin da aka saki totur, ya sauko a hankali.

Wani abin da ke kama da matsalar bawul shi ne yanke fetur lokacin gangara. Idan an sa kwamfuta ta yanke fetur daga juyi 1,300 in totur na rufe, kuma injin mai sanyi yana neman 1,400, za a sami hawa da sauka mai tsari ɗaya kamar bugun agogo: juyi ya hau, fetur ya yanke, ya faɗi, fetur ya dawo. A rikodi za a ga lokacin nozul yana faɗuwa sifiri a ƙololuwar kowane hawa. A ɗaga iyakar yankewar sama da silo mafi tsayi, kuma a hana ta aiki sai injin ya yi zafi.

Game da lambobin gyaran kansu, abin da ya kamata a riƙe shi ne cewa iska tana da jinkiri. Idan bawul ya buɗe, sai manifol ya cika tukuna kafin silinda ta ji, kuma gwargwadon girman manifol gwargwadon jinkirin. Kwamfutar da aka sa ta yi gyara da zafin nama za ta ƙara buɗewa kafin gyaran farko ya nuna sakamakonsa, ta wuce gona da iri, ta dawo ta wuce ta ɗaya gefen. Na fi son a fara da D a sifiri, a ɗaga I kaɗan kaɗan har juyi ya riƙa komawa inda ake so cikin 'yan daƙiƙu, sannan a ƙara P gwargwadon abin da zai tare faɗuwa ba tare da rawa ba. Gyaran gaggawa kuwa a bar wa taimin, domin sauyin taimin yana aiki tun daga kunnawa ta gaba: a ƙara digiri huɗu ko biyar idan juyi ya faɗi ƙasa da abin da ake so, a rage kwatankwacin haka idan ya haura. Nan ne ajiyar da aka bari a teburin taimin take amfani, kuma injin da aka sa wa fulawil mara nauyi kusan ba ya zama lafiya sai da wannan.

Nauyin da kwamfuta ta san da zuwansa bai kamata a jira juyi ya faɗi kafin a amsa shi ba. Idan ita ce ke kunna fanka da kwamfuresar na'urar sanyaya, a sa ta ƙara buɗewar bawul tukuna, ta jira kamar rabin daƙiƙa, sannan ta saki rile. Idan kwamfuresa tana kamawa kai tsaye daga maɓallin dashbod ba tare da sanin kwamfuta ba, ya fi kyau a sake jan wayar ta bi ta cikinta, domin nauyin kwamfuresa a silo ya fi ƙarfin abin da gyaran kai zai tare bayan ya riga ya sauka. Nauyin famfon sitiyari idan an murɗa shi har iyaka, da na fitilu da hita, su ne suka rage wa taimin da lambar P, kuma da su ake gwada saitin ƙarshe: a murɗa sitiyari, a kunna manyan fitilu, a taka totur a saki, kowanne a duba rikodinsa daban, ana sauya lamba ɗaya kawai tsakanin gwaji da gwaji.